Lomar da Tambaya Ya Ci

Ni dai har yau in na ji an ce za a tafi bita, sai raina ya ɓaci. Ba don komai ba sai don Malam Arzika da yaron nan Tambaya.

A firamaren wani ƙauye bayan Bilbis muke koyarwa lokacin, ba a daɗe da ba mu jiharmu ta Zamfara ba. Ni, Suwaiba, 'yar Bungudu ce, aure ya kai ni ƙasar Tsafe. Shi kuwa Malam Arzika ɗan garin ne, dogo, ga faɗa ga tausayi, yanzu zai yi wa yaro tsawa, anjima ka gan shi yana ɗinke masa jaka. Bango ɗaya ya raba ajina da nasa, bangon ma da rami, don haka duk abin da ya faɗa a kunnena yake.

A duk makarantar, Tambaya kaɗai ne ɗan ruga. Damina guda Malam Arzika ya yi yana zarya a kan keke zuwa rugarsu, taɓo har gwiwa, kafin uban yaron, Tukur, ya gaji ya ce a tafi da shi. Yaron ya girmi 'yan ajinsa, amma kai! Allah ya ba shi kai. Lissafin da zan yi ta fama da yara mako guda, shi kallo ɗaya zai yi wa allo. Burin Malam Arzika a duniya bai wuce ya ga yaron nan ya gama aji shida ya wuce sakandare a Gusau ba. Yakan ce mini, "Malama, in wanga ɗaya ya tsaya, sauran yaran rugar za su biyo shi. In ya gudu, mun gama."

Sunan ma sai da ya zama abin tsokana. Da malami ya gama darasi ya ce, "Akwai tambaya?" sai aji ya ɗauka gaba ɗaya, "Ga shi nan, Malam!" Saboda haka Malam Arzika ya daina faɗin kalmar kwata-kwata, ya koma cewa, "Wa bai gane ba?" Mu ma ya bi mu aji-aji ya hana mu.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Da an tashi tara, yara sun yi dandazo wurin masu awara da ƙuli-ƙuli, sai Tambaya ya ɗauki 'yar gorarsa ta fura ya zaga bayan makaranta. Can gindin wani kalgo yake zama, ya juya wa duniya baya, ya sha, ya goge baki, sannan ya dawo. Malam Arzika yakan tsaya a taga yana kallonsa kamar zai yi kuka.

Bayan kaka aka kira mu bita Gusau, ni da shi. An ce za a koya mana yadda za a riƙe kowane yaro daidai: 'ya mace da ɗa namiji, gurgu da mai ƙafa, ɗan gari da ɗan daji. An tara mu cike da wani zaure, malamai daga Tsafe da Bungudu da kewaye. Mai koyarwar wata Hajiya ce da tabarau, kuma wallahi ba zan yi mata ƙarya ba, mutuniyar kirki ce, da zuciya ɗaya take magana. Sai dai na duba zauren nan tun daga gaba har baya, ban ga mutum ɗaya da ya tashi a ruga ba. Maganarsu ake ta yi, su kuwa ba ko ɗaya.

Ana cikin bayani Hajiya ta ce, "In kuna son ku gane yaron da aka ware, kada ku duba cikin aji. Ku duba lokacin tara. Duk wanda kuka ga yana ci shi kaɗai, to an ware shi."

Malam Arzika ya waiwayo ya dube ni, idanunsa sun yi ja. Na san wanda ya tuna.

Maganin, in ji Hajiya, tire ɗaya. A zaunar da yara a da'ira, kowa ya sa hannu, kuma duk yaron da ya yi abin da yake jin nauyinsa a da, a yi masa tafi don ya ƙara ƙarfin gwiwa. Har gwadawa muka yi. Aka kawo shinkafa, hedimastoci da ƙananan malamai hannu ɗaya, mata a namu gefen, ana ta raha. Ya yi kyau a zauren, ba zan ce bai yi ba. A mota muna komawa Malam Arzika bai bar ni na runtsa ba, tire ɗaya, tire ɗaya, har Tsafe.

Ranar da muka koma aiki ya sa matarsa ta dafa shinkafa da wake cike da babban tire, da mai da yaji. Aka buga ƙararrawar tara, ya shimfiɗa tabarmi a tsakar makaranta, ya zaunar da 'yan ajinsa maza. Sannan ya bi Tambaya, wanda har ya kama hanyar kalgonsa, ya riƙo hannunsa ya dawo da shi.

Ina tsaye a ƙofar ajina. A bakin shinge kuma wasu 'yan matan rugar su Tambaya ne, sun sauke ƙoren nono suna jiran masu saye, kamar yadda suka saba.

"Zauna nan kusa da ni," in ji Malam Arzika. "Yau tare za mu ci."

Yaron ya sunkuyar da kai. "Na ƙoshi, Malam."

"Ka ƙoshi da mi? Ko furarka ba ka taɓa ba. Sa hannu."

"Malam, na ƙoshi."

Sauran yara sun ƙura wa tiren ido, miyau na tsinkewa, an hana su farawa. Malam Arzika ya dafa kafaɗarsa, murya a tausashe, ya faɗi abin da ya ƙarasa lalata komai. "To wallahi ni ma ba ni ci sai ka ci. Kuma ba wanda za ya ci."

Haba! Ina yaro zai sa kansa? Malaminsa ya rantse, aji guda na jiransa da yunwa. Na ga ya saci kallon bakin shinge sau ɗaya. Sannan ya miƙa hannu, ya ɗebi 'yar loma ya kai baki.

"Tafi!" in ji Malam Arzika, fuskarsa cike da murna. "Ku yi mai tafi!"

Aka ɗauki tafi raf-raf-raf, irin na makaranta, har 'yan ajina suka fito suka taya. Yaron na zaune da loma a baki, ya kasa taunawa, ya kasa tofarwa, hawaye na zuba har kan rigarsa. Malam Arzika ya ɗauka na daɗi ne, don shi ma nasa idon ya cika. A bakin shinge ɗaya daga 'yan matan ta ja mayafi ta rufe fuska, sauran suka ɗauki ƙorensu suka tafi ba su sayar da ko ludayi ɗaya ba.

Washegari Tambaya bai zo ba. Aka ce ko zazzaɓi ne. Mako ya ƙare, wurin zamansa a benci ba kowa. Malam Arzika ya daina faɗa, ya daina dariya, ta ramin bango sai ƙarar alli nake ji. Ranar Asabar ya ce zai tafi rugar. Na ce da ni za a je, na sa maigidana ya ɗauke ni a babur muka bi bayansa.

Tukur ya tarbe mu da mutunci, siririn dattijo mai sanyin murya. Ya sa aka shimfiɗa mana tabarma a inuwa, aka kawo nono mai sanyi a ƙwarya. Da aka ajiye sai ya miƙe ya tafi can wajen maruƙa, ya juya mana baya. Matar da ta kawo ta shige bukka. Yaran da suka taru kallonmu aka kore su da hannu. Wurin ya yi tsit, ba ido ɗaya a kanmu.

Maigidana, wanda ya yi yawon sayen dabbobi a rugage, ya ce a hankali, "Ku sha. Ba za su dawo ba sai kun gama. Su a wurinsu ba a kallon bakin mutum yana ci, kuma yaron da ya fara girma ba ya ci a idon jama'a. Abin kunya ne babba."

Malam Arzika ya riga ya ɗaga ludayi. Na ga ya tsaya da shi a sama, nonon na ɗiga kan wandonsa, bai ma sani ba. Ya mayar da shi cikin ƙwarya. Tausayinsa ya kama ni har na kasa duban fuskarsa.

Da Tukur ya dawo, aka sake gaisawa, Malam Arzika ya ce, "Baba, Tambaya na zo nema."

"Ba shi nan. Ya bi kawu nai da shanu, sun yi kudu."

"Yaushe za ya dawo?"

"Sai ruwa ya sauka, in Allah ya so. Amma makaranta kam, ya ce a'a." Ya jujjuya sandarsa. "Ni ban hana shi ba, Malam. Shi ya roƙa a tura shi. Ko rijiya ya kasa zuwa, yara na gani nai sai su kama tafi."

Malam Arzika ya zame daga tabarma ya durƙusa a ƙasa, babban mutum da gemu. "Don Allah Baba a kira shi. Wallahi don ina son shi na yi. So nike ya san shi ma namu ne."

"Na sani," in ji Tukur. "Shi ma ya sani, shi ya sa ya ci." Ya kama hannunsa ya tashe shi, ya kaɗe masa ƙasar gwiwa da kansa. "Malam, da bugu nai ka yi, da ya dawo."