Ranar Da Aka Gwada Baba

"Yau wace rana ce, Mista Dombrowski?"

Baba ya zuba wa leɓen matar ido, ya yi mata murmushin mai karɓar baƙi. Ni ina tsaye bakin ƙofar kicin.

"Dubu ɗaya da ɗari tara da talatin da ɗaya," in ji shi, ya ɗora yatsa kan littafin da ke buɗe a cinyarsa. "Shekarar da aka ɗauki hoton nan ke nan. Kin ga tulun furannin can? A ciki aka ɓoye makirufo. Shi ya sa 'yan wasan suka kewaye shi kamar masu jin ɗumi."

Madam Whitcomb, wadda kotu ta turo ta duba ko zai iya ci gaba da zama shi kaɗai, ta rubuta wani abu. Yayana Gerald ya dube ni, ya ɗaga gira.

Shekara arba'in Baba ya yi yana haska fim a wata silima a birnin Buffalo, har ƙarar injin ta cinye masa kunne. Abin da ya tsira da shi su ne littattafan nan, kanta uku, kowanne da nauyin bulo, cike da hotuna baƙi da fari na finafinan da aka fara jin muryar mutum a cikinsu. Tun rasuwar Mama su ne abokan hirarsa. Duk wanda ya shigo gidan, Baba yana ɗauka su ya zo gani.

Na'urar da yake maƙalawa a kunne kuwa ta lalace tun kafin bikin Ista. Sau uku yana kira in kai shi a gyara. Aiki biyu nake yi, kullum sai in ce mako mai zuwa.

Da safen nan, kafin matar ta iso, na ja Gerald gefe.

"Mu gaya mata ba ya ji."

"Sai kuma me? Ta tafi ta bar mana shi?"

"Hankalinsa lafiya lau, ka sani."

"Lafiya lau ɗin ne ya bar tukunya ta ƙone har maƙwabta suka kira 'yan kwana-kwana?"

"Ƙararrawar hayaƙin ce bai ji ba!"

"To, uwar tausayi, tattaro kayanki ki dawo nan. Ni dai na gaji, Marlene. Ke ma kin gaji, kunya ce ta hana ki faɗa."

Na juya na shige kicin.

Yanzu ga matar tana cewa, "Zan faɗi kalma uku, ka maimaita. Tuffa, tebur, jirgi."

Ta faɗe su kanta a sunkuye kan takarda. Baba bai ma san an yi magana ba. Ya juya shafi a hankali, ya nuna mata wata 'yar wasa mai doguwar riga, ya ce muryarta ce ta kashe mata kasuwa, don da aka ji ta sai 'yan kallo suka fashe da dariya. Shi ma ya yi dariyar, shi kaɗai.

Madam Whitcomb ta ajiye biro. "Anya yana ji sosai kuwa?"

"Ras yake ji," in ji Gerald.

Ta juyo gare ni. Na hango kaina a ɗakina na da, ina ɗumama masa miyar kabeji shekara biyar, shekara goma.

"Yana ji," na ce.

* * *

Ɓangaren da ake kullewa suka sa shi a gidan tsofaffi. Littafi biyu dokarsu ta yarda ya shiga da su. Sauran Gerald ya jera a kwali bakin titi, masu kwasar shara suka tafi da su ran Alhamis.

Sai bayan wata biyu na iya zuwa. Ma'aikaciyar da ta buɗe mini ƙofa ta ce, "Ba ya kula kowa. Haka ciwon mantuwa yake."

Na same shi a keken guragu, yana fuskantar taga. Ya rame. Ya kama hannuna ya daɗe bai saki ba.

"Kar ki sa damuwa a ranki," ya ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryar kansa. "Da farko na zaci kuskure aka yi. Amma tunda ku biyu kuna wurin, kun gani da idonku, to kan nawa ne ya taɓu. Mutum ba ya sani, ashe."

Na zagaya bayansa, na kama keken kamar zan gyara masa zama.

"Ƙarya na yi, Baba," na ce. "Ni ce na kawo ka nan."

Bai juyo ba. Yana ta kallon filin ajiye motoci, inda wani mutum ke kankare ƙanƙara daga gilashin motarsa.