Ragon da Ya Leƙa Hanjin Mahauci

Daren jiya wani mafarki ya zo mini, har yanzu daɗinsa bai bar ƙirjina ba.

Ni mahauci ne, Ɗan'asabe sunana. Hanjin da na wanke a kwata ba ya ƙirguwa, amma da likita ya ce a leƙa nawa sai na ja da baya. Ciwon dajin hanji ne ya tafi da yayana Mamuda bara, ba a gano shi ba sai da ya ci ƙarfinsa. Likita ya ce tunda jininmu ɗaya, kuma na haura hamsin, a duba ni ko da babu inda ke mini ciwo. Na yi ta zillewa har matata Kande ta sa mini kuka. Jiya dai na sha maganin wankin cikin da suka ba ni, na yi ta zarya zuwa bayi, na kwanta ciki fayau.

Sai ga asibitin ya taho ƙofar gidana da ƙafarsa, ya yi sallama. Na amsa, na shiga. A bakin ƙofa an jera takalma, kusa da kowane takalmi an ajiye tsoron mai shi. Na sauke nawa, ya kai buhun gero, na jingina shi da bango.

A ciki layi daga baya yake farawa, don haka ni da na zo ƙarshe aka fara kira. Agogon bango ya tambaye ni ƙarfe nawa, na ce ban sani ba, ya yi godiya. Nas ɗin zabuwa ce, da 'yar farar hula.

"Ka wanke?" in ji ta.

"Tas."

"To kwanta ta hagu, ka naɗe gwiwa."

Likita ya shigo. Rago ne, cikin farar riga, tabarau a rataye a ƙahonsa. Kallo ɗaya na gane shi, ni na feɗe shi wata ranar kasuwa.

"Ranka ya daɗe," na ce, "abin da ya faru tsakaninmu, sana'a ce."

"Kai ka duba nawa bayan na mutu," in ji shi. "Ni zan duba naka don kada ka mutu. Gyara kwanciya."

Zabuwa ta yi mini allurar barci, gadon ya kama minshari, ni kuwa idona biyu. Likita ya ɗauko wani siririn tiyo mai fitila a baki, ya ce in kalli talabijin. Na kalla, sai ga ni a ciki, ina tafiya a wani lungu mai ja-ja mai yawan kwana, an share shi an yayyafa ruwa. Likita na biye da ni da fitila. Na san cikin hanjina nake, kuma ban ga abin mamaki ba.

A kwanar farko muka tarar da duk tsire da balangun da na ci tun ina saurayi, sun yi sahu suna gaishe ni. Can bayan wata taga zogale da alayyafo da wake suna leƙe.

"Mu ba a taɓa gayyatarmu ba," in ji zogale.

"Buɗe musu," in ji likita. "Su tsire kuma ka rage su."

Na buɗe. Suka shigo suna kakkaɓe riga, tsire ya matsa musu yana gunaguni.

Muka sha wata kwana. Ga Yaya Mamuda zaune a tabarma, da ƙibarsa ta da, kafin ciwo ya tsotse shi. Na durƙusa a gabansa.

"Yaya, na makara?"

"Ni ne na makara. Kai ka zo da wuri." Ya nuna da haɓa. "Ga shi can. Tun da na rasu nake gadinsa."

Wani tsiro ne manne da bango, bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Ya kafa 'yar hula, yana auna fili da igiya.

"Kai wane ne?" na ce.

"Baƙo. Ba na damun kowa. Ka taɓa jin motsina?"

"A'a."

"To ka gani. Ɗan fili nake nema. In shekaru sun tura in ɗora bene, in kawo dangi, wasu su zauna a hanta."

Na kai hannu ƙugu zan zaro wuƙa, sai ludayi ya fito. Likita ya ce ba a shiga nan da wuƙa. Ya zaro wani ɗan zarge na waya daga bakin tiyo, ya jefa wa tsiron a wuya, sannan ya juyo yana jiran abin da zan ce.

Tsiron ya buɗe baki, sai na ji muryata ce sak, irin wadda nake yi wa Kande. "A bari sai bayan Sallah mana. Ai lafiyata lau. Kuma namiji kamata, a ce an leƙa shi ta nan?"

Na ji kunya ta rufe ni, sannan zuciya ta taso.

"Yau," na ce. "Yanzu. Ja, likita!"

Zarge ya tsuke, tsiron ya faɗo, ko zafi ban ji ba. Zabuwa ta cafe shi ta jefa a kwalba, ta ce za a kai shi ɗakin gwaji ya amsa tambayoyi. Likita ya haska sauran lungun har ƙuryarsa, bai ga komai ba.

Bango ya rangaɗa guɗa. Wani kalangu ya shigo rataye da makaɗinsa a kafaɗa, yana kaɗa shi, ya ɗauki taken mahauta. Shanu da tumakin da suka bi ta hannuna suka ɗaga ni sama suna juyi, ina kirari ina ɗaga ludayi. Likita ya ce in dawo bayan 'yan shekaru, na ce ko bai kira ni ba zan dawo. Yaya Mamuda ya taka rawa har hularsa ta faɗi sama, sannan ya naɗe tabarmarsa ya saɓa.

"Gadi ya ƙare, zan je in huta. Saura ƙanwarmu Lantana, ka kawo ta."

Na buɗe baki zan ce ya tsaya, sai ƙarar injin markaɗen maƙwabta ta tashe ni. Gari ya waye. Kande na tsaye a bakin ƙofa da hijabinta, tana kallona a tsorace.

"Malam, ko yau ma ka fasa?"

"Ɗauko mini rigata ta Juma'a," na ce, ina ɗaga murya saboda injin. "Kuma ki kira Lantana, ki ce in na fito ita ce ta gaba."