Ayun da Ya Daina Amsa Kira

Labaran basarke ne, masunci, mutumin Yawuri. Da kifi ya yi ƙaranci a wajensu ya tattaro ya zo Abuja, ya kafa teburin gasasshen kifi kusa da tashar Jabi. A nan wani direba ya ji yana ba da labarin ayu, ya ce masa ai ogansa yana da guda a gidan shaƙatawarsa da ke bayan tafkin Jabi, an rasa mai kula da shi. Haka Labaran ya bar gashi ya koma kiwo.

Daga Binuwai aka kawo ayun, aka zuba shi a wani babban kududdufi na siminti a tsakiyar lambun. Ƙato ne, ya fi bijimin sa nauyi, ga ƙananan idanu kamar an ɗiga su, ga leɓe mai gashi. Kowace safiya Labaran zai zo da buhun kainuwa da ganyen kabeji, ya durƙusa ya mari ruwan da tafin hannu. Ko ayun yana can ƙarshen kududdufin, sai ka ga ruwa ya motsa, ya taho ya ɗora hancinsa a gefen siminti yana huci.

Sai ga shi ya daina zuwa.

Da farko Labaran ya ɗauka ƙoshi ne. Amma abin ya ci gaba. Zai mari ruwa har tafinsa ya yi ja, ayun yana kwance a lungu ɗaya, bai ko juyo ba. In ya tashi iyo kuma sai ya tafi a karkace, ya bugi bango, ya firgita. Kainuwar da yake cinyewa kafin hantsi ta koma kwana a kan ruwa.

Labaran ya zauna ya yi lissafin abin da ya canza, bai ga kowa ba sai Thaddeus. Oga ya sa an yi wa lambun kwaskwarima, an kafa wani famfo a tsakiyar kududdufin mai fesa ruwa sama, da fitilu masu launi, da lasifikoki don masu biki. Tare da kayan aka ɗauko Thaddeus, wani dogo ɗan Kafanchan, don ya riƙa kula da injuna. Ba ya yawan magana, kullum yana zagaye kududdufin da jakar kayan aikinsa. Tun zuwansa ayun ya lalace.

Akwai kuma maganar Hajiya Bara'atu, mai shagon kayan mata a Durumi. Ta taɓa tare Labaran a bakin ƙofa, ta ce tana neman man ayu na gaske, wanda ake kawo mata duk gauraye ne.

"Dabba ai mutuwa take yi, Malam Labaran," in ji ta. "In ta Allah ta kasance, ka tuna da ni."

Ya ce mata ba ya ciki. Amma bayan 'yan kwanaki, yana dawowa daga masallaci, ya hango motarta a gindin bishiyar mangwaro, Thaddeus ya sunkuya a tagar yana saurare. Da ya ga Labaran sai ya miƙe da sauri, ya shige ɗakin janareta.

Kafin Labaran ya yanke shawarar wanda zai gaya wa, Madam Magdalena, manajar wurin, ta aika a kira shi ofis. Ba ta ce ya zauna ba.

"Labaran, me ke damun naman nan?"

"Wallahi Madam, ni ma shi nake nema."

"An ce mini mutanenku farautarsa suke yi. An ce ku kuka san abin da ake ba shi ya mutu a hankali, ba a gane ba."

Labaran ya ɗago kai. "Wa ya ce?"

"Ba ruwanka da wanda ya ce. Oga zai dawo ƙarshen wata. In ya tarar da gawa, ni da kai za mu yi bayani a wajen 'yan sanda."

Labaran ya fito daga ofis. Wato Thaddeus ya riga shi, ya shafa masa laifin tun kafin ya aikata. Daga ranar Labaran ya daina barin bakin kududdufin. Abincin ayun da kansa yake yankowa, ya wanke, ya shinshina. Sallah ma a gefen ruwan yake yi, in ya sallame ya waiga ya ga inda Thaddeus yake. Shi ma Thaddeus ya lura, in sun haɗu a hanya sai kowa ya kauce, gaisuwa ta koma ɗaga kai.

Wata ranar Asabar da rana ana shirin bikin aure, an kunna famfo da kiɗa don gwaji, Labaran ya laɓe bayan shukokin da ke gefen rumfa. Ya ga Thaddeus ya zo ya durƙusa daidai lungun da ayun ke kwanciya, ya waiga hagu da dama, ya zura hannu cikin ruwa. Wani abu ya sulale daga hannunsa ya nutse.

Labaran ya yi tsalle ya cafki wuyan rigarsa.

"Me ka jefa?"

"Sake ni, malam! Sifana ne ya faɗi, ina ɗaure bututu."

"Sifana? To me ya sa kake waige-waige?"

"Don kai nake waige! Kullum kana bayana kamar ɓarawo."

Labaran bai tsaya musu ba. Ya tuɓe riga ya faɗa ruwan. Rabonsa da shiga ciki tun kafin kwaskwarimar, don Madam ta hana, ta ce akwai wayoyin lantarki.

Kansa na nutsewa abin ya buge shi. A waje famfon ba ya wuce shuuu na zubar ruwa, amma a ciki wani irin ƙugi ne haɗe da tsiwa, kamar an sa kansa cikin injin niƙa. Bugun gangar lasifika yana shigowa ta bangon siminti ya doki ƙirjinsa, ya koma ya dawo. Bai iya gane ta ina ƙarar take fitowa ba, ta ko'ina take. Shi da ya yi shekaru yana nutso a Neja, sai da ya rasa ina ne sama. Ya lalubi ƙasa, hannunsa ya taɓa ƙarfe, ya taso da shi.

Sifana ne kuwa.

Ya fito ya zauna a gefe, kunnuwansa suna ta kuka. Thaddeus yana magana, kamar daga nesa yake jinsa.

"Kashe injin nan," in ji Labaran.

"In kashe, ka je ka ce wa Madam na ɓata gwaji? Na san wayonka."

"To sa kanka a ruwa. Kanka kawai."

Thaddeus ya dube shi, ya dubi ruwan, ya ja baya kaɗan yadda Labaran ba zai iya tura shi ba. Sannan ya kwanta rub da ciki ya tsoma kai. Bai jima ba ya fizgo shi yana tari, ya toshe kunnuwa da hannu biyu.

"Yesu! A cikin wannan yake kwana?"

Ya ruga ɗakin janareta. Famfon ya tsaya, kiɗan ya mutu. Suka tsaya su biyu suna kallon lungun. Ayun bai motsa ba. Can ya taso ya shaƙi iska, ya koma.

"Ni na gaya wa Madam maganar farauta," in ji Thaddeus, bai kalle shi ba. "Hajiyar nan ta Durumi ce ta ce mini kun riga kun shirya da kai, ni dai in kawar da ido, za a ba ni nawa. Na ƙi. Shi ya sa nake bin ka."

"Ka ƙi?"

"Na ƙi mana."

Labaran ya juya sifanan a hannunsa. Maganar ta yi kama da gaskiya. Amma ya tuna yadda mutumin ya sunkuya a tagar motar, ya daɗe, wanda ya ƙi abu ba ya daɗewa haka. Ya miƙa masa sifanan.

Madam Magdalena ta fito da faɗa, ta ce biki ba zai tsaya don kifi ba. Aka sake kunnawa da yamma. Sai dai abin ya tsaya mata a rai, ranar Litinin ta kira wata likitar dabbobi, Dakta Rukayyat, wadda ta taɓa aiki da masu binciken halittun ruwa a bakin teku.

Dakta Rukayyat ta zo da wata 'yar na'ura mai doguwar waya, ta saka ta a ruwa, ta sa a kunna famfo. Ta kalli allon na'urar, ta ce a kashe.

"Ƙara ta fi gudu a cikin ruwa, kuma ta fi nisa," ta ce musu. "A kogi akwai laka da ciyawa, suna shanye ta, dabba kuma tana iya guduwa. A nan siminti ne, yana maido ta. Shi kuma idonsa ba ƙarfi, da ji yake sanin inda yake. Mun ga irin wannan a teku, inda ake haƙar mai da inda manyan jirage ke wucewa."

"Zai warke, Dakta?" in ji Labaran.

"Wani yana dawowa in an ba shi shiru. Wani in cikin kunnen ya lalace, shi ke nan. Ba zan yi maka alkawari ba." Ta juya wajen Madam. "Ina takardar izinin ajiye shi?"

Madam ta ce tana wajen oga. Dakta ta ce to, ta naɗe wayar na'urarta.

Oga bai dawo ƙarshen wata ba. Abin da ya zo shi ne wata babbar mota mai buɗaɗɗen baya, an shimfiɗa mata katifu da tamfol, da mutane cikin riguna iri ɗaya, suka ce daga hukuma suke, sun zo ɗauke ayun. Dakta Rukayyat ma ta biyo su a motarta. Labaran ya zagaya motar, bai ga rubutu a jikinta ba. Ya tambayi direban inda za su, ya ce shi dai an ce ya bi hanyar Lokoja. Ya tambayi wani, ya ce ba a faɗa. Labaran ya sake duban rigunan. A Abuja riga iri ɗaya ba ta da wuyar ɗinkawa.

Ya sami Dakta Rukayyat a gefe. "Ranki ya daɗe, ke kin san mutanen nan?"

"Biyu na sani. Sauran yau na fara ganinsu."

"To ni zan bi shi."

"Ba a ware maka komai ba, Malam Labaran. Kuma in ka tafi, aikinka a nan ya ƙare."

"In babu shi ai dama ya ƙare."

Da ƙyar aka cicciɓo ayun a cikin raga. Thaddeus ya kama gefe ɗaya, har igiya ta yanke masa tafin hannu. Labaran ya hau baya da bokitai, yana zuba wa fatar ruwa, idonsa yana kan hanya. Kowace mahaɗa aka zo sai ya miƙe ya ga ina za a karya. Da aka tsaya shan mai a Gwagwalada bai sauka ba, ko fitsari ya ƙi yi. Sai da ya hango kogi, ya ga Dakta ta fito daga motarta tana nuna wa direba wata 'yar hanya, sannan ya zauna.

Wani ɓangaren fadama ne da aka killace da turaku da raga, babu gida kusa, sai wata rumfa ta masu gadi. Aka saki ayun, ya nutse, ya daɗe bai fito ba. Dakta ta ce ba za a sake shi cikin kogi ba tukuna, don wanda ba ya ji ba zai san kwalekwale mai inji na tahowa ba sai farfela ta same shi.

Labaran ya zauna a wurin. Masu gadin suka ba shi tabarma, daga baya aka sa sunansa cikin ma'aikata. Ayun ya koma cin abinci, ya yi ƙiba, ya daina tafiya a karkace. Ji kuwa, in an yi tsawa mai ƙarfi yakan motsa, ban da haka babu.

Da damina ta yi nisa Thaddeus ya bugo waya. Ya ce an rufe kududdufin, an mai da shi wurin ajiye motoci, shi ma an sallame shi, yanzu yana gyaran janareta a Karu. Suka daɗe suna hira, har da dariya.

"Yarinyata tana ta damuna, wai tana son ganin naman nan," in ji Thaddeus. "A ina kuke ne ma daidai? In na samu hutu sai mu zo."

Labaran ya dubi fadamar. Ya san mai yiwuwa yarinyar ce kawai.

"Hanyar ba ta da kyau yanzu," ya ce. "Bari ruwa ya janye, zan kira ka."

Ruwa ya janye, kaka ta wuce. Labaran yakan buga ya gaishe shi, ya tambayi yarinya, amma bai taɓa faɗa masa sunan wurin ba.