Kada Ka Ƙifta

Duk garin Zoza, in ƙaiƙayi ya faɗa wa mutum a ido lokacin sussuka, gidan Inna Kande ake nufa. Za ta zaunar da kai a kan turmi, ta buɗe fatar idon da yatsu biyu, ta ce, "Kada ka ƙifta!" Kafin ka ce kwabo ta hango abin, ta ɗauke shi da bakin tsumma. Idonta na hagu ya daɗe da yin yana, na daman ne jarinta. Aibinta ɗaya, bin ƙwaƙƙwafi. Tsohuwar nan ko rediyo sai da ta kwance bayansa don ta ga inda masu maganar suke zaune.

Ran nan ɗanta Mijinyawa ya dawo daga kasuwar Karaye da wani abu kamar guntun biro a jikin makullin babur. Ya danna, sai ga jan ɗigo a jikin rumbu.

"Wannan kuma fa?"

"Leza ce, Inna. Da ita malamai ke nuni a allo."

Nan take ranta ya biya, ga fitilar da za ta tona ƙaiƙayi duk inda ya ɓuya. Ta haska tafin hannunta, babu zafi. Ta haska kunci, haka. "Ikon Allah, wuta mai sanyi!"

To, Inna tana da ƙa'ida: ba ta ba ɗan wani maganin da ba ta ɗanɗana ba. Mijinyawa na fita sallar la'asar, ta ɗauki makullin ta haska idonta na dama. Ido ya ƙifta, kai ya kauce. Abin ya ba ta haushi. Ita da ke yi wa ƙarti tsawa a kan ƙiftawa? Ta sa yatsun nan biyu ta danne fatar, ta ƙura wa hasken ido kamar tsawon Ƙulhuwallahu ƙafa uku, wai sai ta ga daga ina jan yake fitowa.

Da ta saki, duk inda ta duba sai ga baƙin tabo a tsakiya. Ta wanke, ta sa kwalli, yana nan. Kwana uku, tsoro ya kama ta, Mijinyawa ya goya ta zuwa asibiti wurin likitar ido, Ummu Hani.

"Ai fitilar ba ta da zafi, 'yar nan."

"Inna, can cikin ido ba ya jin zafi. Ido tara haske yake yi wuri ɗaya, ko ƙaramar leza in an ƙura mata ido tana iya ƙona shi. Ƙiftawar nan mai gadi ce Allah ya sa mana. Da kin bar shi ya ƙifta, da wataƙila babu abin da zai same ki."

"Zai tafi?"

"Yana iya raguwa. Ban dai yi miki alkawari ba."

Bayan sati, maƙwabcinta Sulle ya shigo daga masussuka, ido na ruwa. Ta zaunar da shi a turmi, ta buɗe fatar, ta duba. Tabon ya zauna daidai kan ƙwayar idonsa. Ta karkata kai, tabon ya bi ta. Ta kira surukarta Bahijja, ta miƙa mata tsumman.

Sulle yana ta kokawa da idonsa, don ya san doka.

"Ƙifta abinka, ɗan nan," in ji Inna Kande. "Ƙifta."