Fitilun Liao Chin-fa da Ranar Kwasar Shara

A ƙauyen su Liao Chin-fa, can saman duwatsun Chiayi inda kowa ke noman ganyen shayi, hazo ba ya saɓa lokaci. Da an ci abincin rana zai fara hawowa daga kwari, kafin la'asar mutum ba ya ganin abin da ke gabansa taku biyar. Shekara talatin Chin-fa yana bin hanyar nan a shuɗiyar akori-kurarsa da fararen fitilu, bai taɓa ganin laifinsu ba, sai ranar da yayan matarsa, Wen-hsiung, ya kawo musu ziyara da fitilun hazo rawaya kamar ƙwanduwar ƙwai.

"Farar fitila hazo tofo maka ita yake yi a ido," in ji Wen-hsiung, yana shafa gaban motarsa. "Rawaya kuwa ratsa shi take. Amma dai ku mutanen kan dutse labari ba ya iso muku da wuri."

Chin-fa ya yi dariya tare da kowa, amma maganar ta tsaya masa a rai. Kwana uku bayan haka ya gangara gari ya dawo da rawayar leda mai manne, irin wadda ake liƙawa a gilashin fitila.

Ranar Alhamis tun da hantsi ya durƙusa gaban mota. Ya wanke gilashin tas, ya fesa ruwan sabulu, ya ɗora ledar, ta naɗe ta manne a yatsunsa. Ya yanko wata, ita kuma ta yi ƙuraje kamar fatar kwaɗo. Sai ya lallaɓa ɗaki ya ɗauko na'urar busar da gashin matarsa Su-lan, yana hura wa ledar zafi yana korar kumfar da katin asibitinsa.

Su-lan ta leƙo, kanta jiƙe. "Tsoho, ina abin busar da gashina?"

"Yana aiki."

"Motar ce ta yi wanka ko ni?"

"Minti biyar, Su-lan. Wannan maganar tsaron rai ce."

"Maganar Yaya Wen-hsiung ce dai. Da ya zo da ƙaho a goshin motarsa, da yanzu kana neman sa."

Ya bi gefen da reza ya gyare, ya kunna fitilun, ya ja da baya ya riƙe ƙugu. Sun yi kyau, ko Su-lan ba ta musa ba.

Ƙarfe huɗu saura hazo ya rufe ƙauyen ruf. Chin-fa ya sa sabuwar riga, ya ce zai je gidan Wen-hsiung ya kai masa ganye ya ɗanɗana. Abin da ya manta shi ne Alhamis ranar shara ce. Motar shara takan hawo da kiɗanta da rawayen fitilunta, kowa ya fito bakin hanya ya jefa ƙullinsa da hannunsa. Mako guda ke nan lasifikarta ta lalace, don haka fitilun kawai jama'a suke dako.

Ya taho a hankali, da gangan, don a gani. Da ya kawo kwanar gidan ibada sai ya hangi inuwar mutane jere a bakin hanya. Zuciyarsa ta yi fari. Ashe labari ya riga shi isowa! Ya ƙara rage gudu, har yana ɗaga musu hannu.

Tim! Wani abu ya faɗa bayan motar. Tim! Tim!

Ya taka birki ya sauke gilashi. Goggo Tsai, mai shekara tamanin da wani abu, tana tsaye tana kaɗe hannu.

"Yau kun zo da wuri," ta ce. "Haka ake so."

"Goggo, ni ne fa! Chin-fa!"

Ta matso har hancinta ya kusa taɓa nasa. "Au, ɗan gidan Liao? Aikin shara ka koma? Shayin bai yi kasuwa ba?"

"Ba motar shara ba ce! Fitila kawai na sauya!"

"To ai dai gangarawa za ka yi," in ji Lo mai shago, ya wurga nasa ƙullin. "Ka haɗu da su a hanya ka miƙa musu. Gwiwata ba ta son tsayuwar nan."

Shi ke nan ya buɗe ƙofa. Waɗanda suka gane shi suka jefa, waɗanda ba su gane shi ba suka jefa. Wata ta ɗora bokitin ragowar abinci, ta roƙe shi ya dawo mata da bokitin a wanke. Chin-fa yana ihu, hazo yana haɗiye ihun. Ya ja mota don ya tsira, amma a kowace kwana wasu na jira, kuma hanyar ba ta gudu ba ce.

Sai wajen gadar gora ya yi kiciɓis da motar sharar ta gaske, goshi da goshi. Direbar, wata kakkaurar mata mai suna Hung, ta sauko ta zagaya akori-kurar tana jinjina kai.

"Kawu, sama duka ka kwashe?"

"Ba da son raina ba."

"Amma ba ka ware robobi daban ba. Sabon hannu ne kai." Ta miƙa masa safar hannu.

Rabin awa suka yi suna juye kaya, ruwan miyar wani gida ya sauka a sabuwar rigarsa. Ganyen da zai kai wa Wen-hsiung kuwa, sai da motar shara ta juya ta tafi ya tuna a baya ya ajiye shi.

Da ya dawo gida Su-lan ta tare ƙofa ta toshe hanci, ta nuna masa famfon tsakar gida. Sai da ya gama ba ta labari daga can nesa, sannan ta zauna a dakali ta yi dariya har da hawaye.

Washegari ya sa farce zai ɓare ledar, ya tarar ta kama gam, aikin ya yi kyau fiye da yadda ya so. Ya daɗe yana kallonta, ya fasa. Sai dai tun daga ranar, Litinin da Alhamis, ranakun shara, ba ya fita tsakanin uku da biyar. Goggo Tsai kuwa har yanzu tana yi wa Hung mita, wai yaron nan na gidan Liao ya fi ta zuwa a kan lokaci.