Ƙurar Farin Siminti

Muntaka yana durƙushe a falon Alhaji da giranda, injin kankare siminti, a hannu, sai ya ga mutum tsaye a bakin ƙofa. Inna Huseina ce, matar Malam Ja'afaru, tsohon da ɗakinsa ke manne da bangon falon. Bakinta yana motsi, shi kuwa ba abin da yake ji. Ya cusa auduga a kunne, ya naɗe hanci da tsumma, janareto yana ruri a tsakar gida, faifan girandar kuma yana cin tsohon simintin da ke tsakanin tayil da tayil, ƙura tana tashi fara fat.

Ya ɗaga mata hannu, wai saura kaɗan. Ko sassauta yatsa bai yi ba.

A ganinsa ai ya san zancen. Da hantsi ta zo, ta tsaya daga nesa ta ce, "Muntaka, Malam bai kwana da daɗi ba. Wannan abin naka har cikin kansa yake jinsa."

"Ayya, Allah ya ba shi lafiya. Wallahi Inna saura kaɗan. Injin nan in na kashe shi, sai na yi gumi kafin ya sake tashi."

Ba ƙarya ya yi ba. Janareton aro ne, mai taurin kai, fetur ɗin ciki kuma shi ke nan. Tun da rayuwa ta yi tsada mutane suka daina gini, Muntaka ya daina shiga motar Gezawa zuwa birni neman aiki. Wa zai sa tayil alhali masara ta gagare shi? Sai ga Alhajin nan mazaunin birni ya aiko a kankare masa layukan falon da suka yi baƙi, a zuba sabon farin siminti kafin ya zo ranar Juma'a. Ya kuma ce in aiki ya yi kyau akwai wani a birni. To, ka ce wa mutumin da ya ga haka ya kashe inji.

Shi ya sa da ta dawo karo na biyu bai ko cire audugar ba. Ta ɗan jima a tsaye, ta matso taku ɗaya, ƙurar ta mai da ita baya tana tari. Da ya sake ɗagowa ba ta nan.

Bayan azahar fetur ya ƙare, janareto ya yi tari ya mutu. Muntaka ya zare audugar yana tsaki, don saura kusurwa guda. A nan ya jiyo muryarta ta bango, ba kuka take ba, innalillahi kawai take maimaitawa a hankali.

Lokacin noma ne, duk mazan unguwar suna gona. Shi kaɗai ne namiji a layin tun safe. Wannan shi ya fara faɗo masa a rai. Shi ya ruga gonaki ya kira mutane, da ƙura a gashin ido kamar mai aikin injin niƙa.

Da aka zo wanka, Liman ya ce, "Muntaka, kai ne maƙwabci, riƙe mini buta."

Ya riƙe. Liman ya yaye mayafin, ya shafi gemun mamacin, ya dubi tafin hannunsa.

"Ikon Allah. Ƙura da damina?"

Muntaka ya ɗaga kai ya ga 'yar tagar ɗakin tana dab da tagar falon Alhaji. Farin garin ya kwanta a kan tabarma, a kan ƙwaryar kunun da ba a sha ba, har a girar Malam. Ruwan da yake zubawa ya riƙa gangarowa fari-fari. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba. Wannan tsohon shi ya zauna a gefen mahaifin Muntaka ranar da zai cika, yana laƙƙana masa kalmar shahada har ya faɗe ta kowa ya ji.

Kafin a ɗauki makara, Liman ya tsaya a bakin ɗakin da mata suke ya ce, "Inna, Allah ya ba da haƙuri. Ya samu kalma?"

Mazan da ke zaure suka kasa kunne, don kowa wannan yake son ji.

"Na laƙƙana masa," in ji ta. "Bakinsa ya motsa."

"Kin ji ya faɗa?"

Muntaka ya sunkuyar da kai yana jiran ta ambaci sunansa. Wallahi da ta ambata da ya fi masa sauƙi.

"Allah ya ji, Malam," ta ce.

Bayan an dawo daga maƙabarta an watse, ya shiga gidan ya tsuguna daga bakin ƙofa.

"Inna, zuwan da kika yi na biyu..."

"So nake ka juya mini shi gabas. Na gwada, ya fi ƙarfina." Ta gyara mayafinta. "Kuma ka ɗan ba ni shiru. Na kara kunnena a bakinsa, Muntaka, yana ta magana. Ban san ko kalmar ce ba, ko wani saƙo yake bar mini. Injinka kawai nake ji."

"Ki yafe mini, don Allah."

"Na yafe. Kai ma neman abinci kake." Ta dubi bangon. "Gobe ka je ka ƙarasa wa Alhaji aikinsa. Yanzu ba wanda za ka dama."

Ya tashi ya fita, ya bar takalminsa a ƙofar sai da aka bi shi da shi.

Washegari ya koma falon. An samo masa fetur, amma ya wuce janareton bai taɓa igiyar tayar da shi ba. Ya ɗauki tsohuwar wuƙa ya durƙusa a kusurwar da ta rage, yana kankare layin da hannu, kaɗan-kaɗan, yana tara garin a tafinsa. Ta bayan bango yana jin tsintsiyar Inna Huseina, tana share ɗakin Malam.