Lasisin Goggo

Tun da Goggo, telar da ke ƙarshen layi, ta karɓi lasisin tuƙi, ba ta sake riƙe sitiyari ba. Motar gidan da sunanta take, amma ƙanenta ne ke ja, kuma duk sanda kyamarar titi ta kama shi ya ƙetare jar danja, a kan lasisinta ake ɗora laifin.

"Yaya, naki ai fari ne tas," yakan ce. "Ni in aka ƙara mini ɗaya, kashina ya bushe."

Sai ta gyaɗa kai ta ci gaba da ɗinkinta.

Da ya sami aiki a nesa, ya bar mata makulli da mahaifiyarsu mai zuwa asibiti kowane mako. Goggo ta sake koyon tuƙi har hannunta ya faɗa, sannan ta je sabunta lasisin.

Ma'aikaciyar ta duba kwamfuta, ta ɗago ta dube ta.

"Mama, laifuffukanki sun yi yawa, an dakatar da ke sai baɗi. Wai ina kike sauri haka?"

"Asibiti," in ji Goggo.

Ta saka makullin a jaka, ta je ta shiga layin bas.